Kujerar Yudelka a Shagon Don Pelayo

A shagon Don Pelayo akwai wata kujerar roba a gaban talabijin, ɗan gefe kaɗan, kusa da buhunan shinkafa. Shuɗiya ce a da, amma ta koɗe har ta koma kalar ruwan wanki, ƙafarta ɗaya ma ta tsage an ɗaure da waya. Duk ƙauyen Las Palmillas ba mai zama a kanta. Ko shagon ya cika maƙil har mutane na leƙe ta taga, ko mashayi ne ya shigo yana tangaɗi, sai ya kewaye ta ya nemi akwatin lemo ya zauna. Kujerar Yudelka ce. Ita kuwa mai kujerar, da za a bar ta da son ranta, da tuni ta jefa ta cikin gonar rake ranar da ake sa wa gona wuta.

To, yadda aka yi ta mallaki kujerar da ba ta so, sai mun ɗan koma baya.

Yudelka da Onelio katangar kwano ɗaya ce ta raba gidajensu. Uwar Onelio, Doña Fefa, ita ta riƙe Yudelka a coci ranar baftisma, shi ya sa take ce mata Madrina, kuma da mahaifiyar yarinyar ta rasu, tukunyar Doña Fefa ce ta ƙarasa rainonta. Yaran sun tashi kamar kowane yaro a nan, suna ƙwallon gora a kan titi ba ƙwallo ba gora: murfin babbar robar ruwa shi ne ƙwallo, sandar tsintsiya ita ce gora. Yudelka bahaguwa ce, Allah kuma ya ba ta wani irin jifa. In ta saki murfin nan sai ya taho kamar zai daki goshinka, kana kai masa sanda ya kauce ya faɗi gindin ƙafarka. Manyan samari ma sun sha kunya a hannunta. Onelio a lokacin ɗan siriri ne, ƙafafu kamar tsinke, shi ya sa ta laƙaba masa Gyare. Kullum in sun taso daga makaranta sai ya zo bakin ƙofarta da sandarsa, ta yi ta jefa masa yana dukan iska, ya yi kuka, ya share majina da riga, ya ce ta sake. Shekara da shekaru ana haka, har sanda ta fara samun murfi, daga nan kuma da wuya ta kuskure.

Yana da shekara goma sha shida masu neman yara 'yan wasa suka ɗauke shi. Ba wanda ya tambayi wa ya gyara masa ido, ko an tambaya ma ba inda ake kai mace. Shi ya tafi sansanin horo, daga can Amurka, ya yi ta fama a ƙananan ƙungiyoyi, yana kwana a bas, yana cin abincin da bai san sunansa ba. Ita ta zauna ta koyi ɗinki, ta yi jinyar mahaifinta da ciwon suga ya ci ƙafarsa, har Allah ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa yi wa Onelio hassada ba, wannan kam kowa shaida ne. Hotonsa na farko da rigar wasa ita ta yi masa firam.

Ranar da aka fara sa shi a babbar ƙungiya, gari duk ya taru a shagon Don Pelayo, don shi ke da babban talabijin da batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke. Yudelka ta zo da kwanon wake tana ɓarewa, ta ga kujerar nan ba kowa, ta zauna. Onelio ya shiga bugu, jifa na biyu ya ɗaga ƙwallo ta tsallake katanga. Ranar har kwanon waken sai da aka tattake. Washegari tana da ɗinkin wata amarya, ba ta zo ba, Onelio ya yi ta shiga ana fitar da shi bai ko shafi ƙwallo ba. Rana ta uku ta zo, ta zauna inda ta zauna, ya sake aika ƙwallo bayan katanga. Kike mai babur ne ya fara faɗa, da wasa ma ya faɗa, wai a ɗaure Bahaguwa a kujerar nan da igiya kada ta ƙara tashi. Kowa ya yi dariya har ita. Doña Fefa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon kujerar, tana juya carbin cocinta a hannu, da yamma kuma ta kira ɗanta ta ba shi labari.

'Yan ƙwallon gora dai an san su da camfi. Wani ba ya wanke safa muddin yana samun bugu, wani ba ya taka farin layi in zai shiga fili, wani kaza kawai yake ci ranar wasa. Ba wanda yake ganin wannan abin mamaki ne. Sai dai safa ba ta da inda take son zuwa.

Kakar wasa kuwa daga Afrilu take farawa sai ƙarshen Satumba, kusan kullum ana yi, wata rana da yamma, wata rana da azahar. Haka Yudelka ta shiga shekara ta biyar a kan kujerar nan. An taɓa ɗauko ta daga gado tana rawar zazzaɓi, aka lulluɓe ta da bargo aka zaunar, Doña Fefa na ba ta shayin citta da cokali. Bikin 'yar kawunta sai da aka mayar da shi safe don a gama kafin jifan farko. Akwai wani direban babbar mota daga La Romana, Baldemiro, mutum mai hankali, da ya nemi aurenta, aka ce ya jira Oktoba. Ya jira Oktoba ɗaya, ya jira ta biyu, da ya ga wata Afrilun ta sake zagayowa ba a tsai da magana ba, ya auri wata mai aiki a gidan mai. Yudelka ce ma ta ɗinka wa 'yan matan amarya kaya.

In kuwa tana zaune Onelio bai taɓuka komai ba, wanda hakan na faruwa sau da yawa, don ko gwanin gwanaye ya fi kuskure a wasan nan, sai a nemo dalili. Wai ta harɗe ƙafa. Wai ta sa koriyar riga. Wai ta tashi zagayawa ana tsakiyar wasa. Kowace rashin sa'a sai ta haifi sabuwar doka, har ya zama tun azahar take daina shan ruwa.

Ba kuma za a ce ana zaluntarta a fili ba, abin da ya sa maganar ke da wuyar faɗi ke nan. Onelio ne ya sake mata kwanon ɗaki, shi ya aiko da keken ɗinki mai amfani da wuta, shi ya kafa tankin ruwan da duk layin ke sha. Don Pelayo bai taɓa karɓar kuɗin kofi a hannunta ba. Yara in sun gan ta tafe sai su buɗe mata hanya kamar an ga fadan coci. Wa za ta kai wa ƙara, ta ce me? Wai ana sonta da yawa?

Akwai kuma abin da ba ta gaya wa kowa. Da rana tsaka, tana kan keke, ta san sarai kujerar roba a ƙauyen rake ba ta da hannun da zai kai Amurka. Amma in Gyare ya tsaya da gora a kafaɗa, mai jifa ya ɗaga ƙafa, sai ta ji ta manne da kujerar, ko numfashi ba ta so ta yi da ƙarfi, tana tsoron kada ta motsa ta ɓata masa.

Abin da take so a ranta aikin jinya ne. Tun tana wanke wa mahaifinta ƙafa wata nas a asibitin gari ta ce mata tana da hannu, kada ta bari ya tafi a banza. Ta yi karatu da safe kafin ɗinki, ta zauna jarrabawa, wata makarantar koyon jinya a Santiago ta ba ta gurbi. Ƙanwar mahaifiyarta, Tía Niurka, tana can, ta ce ga ɗaki. Sai dai karatun a ƙarshen Agusta yake farawa, daidai lokacin da wasa ya fi zafi. Bara Onelio ya roƙe ta ta ba shi wata ɗaya, ta roƙi makaranta ta ɗaga mata zuwa bana. Bana kuwa Tía Niurka ta kira ta ta ce ta je ofishin da kanta, an gaya mata ba a ɗagawa sau biyu. Ko Yudelka ta zo ta yi rajista da ƙafarta ranar Litinin ta sama, ta fara karatu Litinin mai bi mata, ko a ba wata ɗaliba gurbin.

Ta sami Doña Fefa a kicin tana dakan dafaffiyar ayaba, albasa na soyuwa a gefe. Ta nemi albarka kamar kullum, aka sa mata, ta karɓi muciyar ta ci gaba da dakan, sannan ta faɗi maganar tana kallon tukunya.

Doña Fefa ba ta yi faɗa ba. Ta rage wuta, ta zauna a kan benci, ta fara lissafo abin da Yudelka ta riga ta sani. Onelio ya haura talatin. Gwiwarsa na damunsa. Kwantiraginsa bana yake ƙarewa, kuma masu ƙungiyar watan ƙarshe suke kallo, in ya yi kyau su riƙe shi, in bai yi ba ga yara sabbin jini a layi. Ƙungiyar kuma saura ƙiris ta shiga wasannin ƙarshe.

"Ni ban hana ki karatu ba, 'yata," in ji ta. "Wa zai hana ki? Makaranta tana nan, ba tashi za ta yi ba."

"Ita ba za ta tashi ba, Madrina, gurbin ne zai tashi."

"In ya tashi Onelio zai biya miki wata, wadda ta fi ta ma. A babban birni. In ya gama wasa."

"Yaushe zai gama?"

Tsohuwar ta tashi ta juya albasa. Can ta ce ita fa ba ta yi makaranta ba, ba ta san yadda abubuwa ke aiki ba, abin da ta gani da idonta kawai ta sani. Ta zuba wa Yudelka ayabar a faranti, ta ɗora mata soyayyen cuku har yanka biyu, ta tsaya a kanta sai da ta cinye.

Washegari da hantsi ta kira Onelio, lokacin da ta san ya tashi bai tafi fili ba tukuna. Ya ɗauka yana dariya, ya ce Bahaguwa ce da kanta, ko keken ɗinkin ya lalace ne. Ta ce keke lafiya lau, ƙafafun gyare dai take tambaya ko sun yi nama. Ya ce ta zo ta gani, yanzu cinyarsa ɗaya ta fi ƙugunta. Suka taɓa hira kan wanda ya mutu da wadda ta haihu, sannan ta gaya masa.

Dariyar ta ɗauke daga muryarsa.

"Yude, ni ma fa na san kujera ce kawai," in ji shi. "Ba mahaukaci ba ne ni."

"To ka gaya wa Madrina haka. Kai kaɗai za ta ji."

"Zan gaya mata." Sannan ya ce, "Kin san in na tsaya a wurin nan, mutum dubu arba'in na ihu, wani ƙato na shirin jefo min abu kamar harsashi, me nake yi? Sai in ce a raina, Bahaguwa na zaune, tana kallo, tana cewa dubi wannan sakaran zai sake dukan iska. Sai in ji na natsu. Shi ke nan fa. Ba wani tsafi."

"Daga Santiago ma zan iya ce maka sakarai."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce wata ɗaya kawai. Ta ce bara ma haka ya ce. Ya ce bara daban, bana daban. Aka buga masa ƙofa, ya ce motar ƙungiya na jira, za su yi magana. Ta zauna da wayar a cinya, ta rasa ma haushin wa za ta ji.

Sai ta yi dabara. Litinin ɗin rajista ranar hutun ƙungiyar ce, ba wasa. Za ta je ta yi rajista ta dawo ba wanda ya rasa komai, in ya so maganar Litinin ta gaba a san yadda za a yi da ita in ta zo. Ta goge farar rigarta, ta gaya wa Kike ya zo da asuba ya kai ta bakin titi.

Ranar Lahadi aka tafka ruwa a garin da su Onelio suke. Mutane na zaune a shago, ita tana kan kujera, ana kallon ma'aikata suna jan tamfol a kan fili, har mai sharhi ya ce an ɗage wasa zuwa gobe Litinin da azahar. Don Pelayo ya kashe talabijin ya ce to, gobe kowa ya ci abinci da wuri. Ya dubi Yudelka ya ce sarauniya ta ji ko. Ta ce ta ji.

Da asuba Kike ya zo ya kashe babur tun daga nesa ya turo shi da hannu. Ya tambaye ta ko ta manta an ɗage wasa. Ta ce ba ta manta ba. Ya sosa ƙeya, ya ce shi fa ɗan haya ne, inda aka ce ya kai mutum nan yake kai shi, amma in an tambaya bai gan ta ba. Ta ce ai shi ya fara jawo mata wannan da bakinsa. Ya ce wallahi da ya san haka za ta zama da ya cusa burodi a bakin ranar.

Tafiyar Santiago doguwa ce, sai an sauka babban birni an sake mota. Ta isa da hantsi, Tía Niurka ta raka ta, aka yi rajista ba wata wahala, aka auna ta don kayan makaranta, wata malama ta nuna mata ɗakin da ake koyon ɗaura bandeji da gadaje a jere da mutum-mutumi a kwance. Ta taɓa zanin gadon, fari tas, an ja shi ba ko lanƙwasa. Rabon da ta ji ƙirjinta ya buɗe haka har ta manta.

A motar dawowa direba ya kunna rediyo, wasan ake yi. Ta so ta ce ya canza tasha, amma rabin motar sauraro suke, wani dattijo a bayanta ma sanye yake da hular ƙungiyar. Shigar Onelio ta farko ya buga an cafe. Ta biyu aka ba shi hanya ya taka zuwa zangon farko na fili ba bugu. Ta ce a ranta to ka gani, ba abin da ya faru, haka yake yi ko ina zaune. Ta lura ta sauke ƙafafunta biyu a ƙasa, ta daidaita su kamar yadda dokar shago ta ce, ta ji haushin kanta ta harɗe su da gangan.

Shiga ta uku, mai sharhi yana cikin magana sai muryarsa ta canza. Jifa ya kauce wa mai jifa, ya sami Onelio a bayan hannu. Ya yar da gora ya durƙusa. An fito da shi daga fili yana riƙe da hannun. Dattijon baya ya ja tsaki ya ce shi ke nan, wannan ƙarar ƙashi ce, shi ya taɓa ji. Yudelka ta sauke ƙafarta a hankali. Wayarta ta fara ruri a jaka, ta ƙi dubawa, har suka wuce babban birni tana ruri tana tsayawa.

Ta isa Las Palmillas da magariba. Masu wasan domino na ƙofar shagon Don Pelayo, suna ganinta ƙarar buga domino a tebur ta tsaya. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ce mata sannu da zuwa. Don Pelayo ya sunkuya yana gyara gwangwanayen da ba su buƙatar gyara. Wata yarinya da ta saba rugowa ta karɓar mata jaka ta taho, uwarta ta kira ta ta koma.

Ta wuce kai tsaye gidan Doña Fefa. Tsohuwar na zaune a kujerarta mai lilo, ba ta lilo, ga kyandir a kunne gaban hoton Budurwa Maryamu.

"Sa min albarka, Madrina."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Doña Fefa, idonta a kan kyandir. Ta ce ƙashi biyu ne suka karye, gobe za a yi masa aiki, wasan bana ya ƙare masa. Ta ce ta aika yaro gidan Yudelka har sau uku da azahar. Ba ta tambaye ta ina ta je ba. Yudelka ta tsaya a bakin ƙofa da farar rigarta da ta yamutse, ta buɗe baki ta ce ƙwallo ce ta kauce, ko tana zaune za ta iya kaucewa. Doña Fefa ta ce haka ne. Yadda ta faɗe shi, gara a ce ta mare ta.

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya tsare ta. Babu wasan da za a zauna wa, babu mai aikowa a kira ta, babu mai lura da kalar rigarta. Abin da ta yi shekaru tana roƙo ya samu, ga rana duk tata, ga hanya a buɗe har Santiago, amma har yanzu in azahar ta wuce ba ta iya kai kofin ruwa baki. Mata biyu suka zo suka karɓi yadinsu ba a ɗinka ba, wai sun fasa. Ta je sayen sukari, Don Pelayo ya auna, ya faɗi kuɗi, har da na kofin da ta sha a tsaye. Ta biya.

Onelio ya kira ta bayan an yi masa aiki, muryarsa a sanyaye saboda magani. Ya ce kada ta saurari kowa, shi ya ga jifan tun daga hannun mutumin, shi ne bai janye da wuri ba, tsufa ne. Ta ce dama can Gyare bai iya kaucewa ba, sau nawa murfi ya same shi a goshi. Ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce, ba don komai ba, yana so ya sani ne kawai, lokacin da abin ya faru tana ina.

"A mota."

"A mota," in ji shi. "To. Ki yi karatu da kyau, Bahaguwa. In kin zama nas kya duba min hannun."

Ta ajiye wayar ta shiga haɗa kaya. Ta lulluɓe keken ɗinki da zani, ta ba maƙwabciya kajinta biyu, ta share ɗakin har ƙarƙashin gado. Ta katangar kwano tana jin motsin Doña Fefa, ƙarar tukunya, tarin safe, amma ba wadda ta leƙa wata.

Ranar Lahadi bayan an taso coci Kike ya kai ta bakin titi da akwatinta a kan tankin babur. Tana tsaye a inuwar bishiyar almon tana jiran bas sai ta hango Doña Fefa tafe a ƙasa, da lema, da ƙullin leda a hannu, tana ɗingishi saboda tafiyar ta yi mata nisa. Ta iso tana haki, ta miƙa mata ledar: shinkafa da wake da naman kaza a roba, da ɗumi, da cokali a naɗe cikin tsumma. Ta ce abincin hanya ba shi da kyau, kuma a gaida Niurka. Ta sa hannu ta gyara mata wuyan riga, ta cire wani zare da ya maƙale a kafaɗarta.

Ta ce ta yi magana da Onelio da safe. Likitoci sun ce hannun zai warke sarai. Ƙungiyar kuma ta ce za ta ba shi shekara ɗaya ta gwaji, ta ga yadda zai dawo, in ya yi kyau a watannin farko sai a yi maganar gaba. Yudelka ta ce Allah ya sa, har cikin ranta kuma ta faɗa.

"Afrilu za a fara," in ji Doña Fefa. Tana kallon titi, ba ita take kallo ba. "Da sauran lokaci. Makarantar nan taku, ƙarfe nawa ake tashi?"

"Ban sani ba tukuna, Madrina."

"Ana ba da hutu dai ko? Kowace makaranta na ba da hutu."

Bas ya bayyana daga kwana, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran babban birni. Kike ya ɗaga akwatin ya miƙa masa.

"Ki tambaya mana, 'yata," in ji tsohuwar, ta riƙe mata hannu, tafinta da ɗumin robar abincin. "Tambaya kawai."

"Zan tambaya," in ji Yudelka.

Ta shiga ta sami wuri a gefen taga, ta ɗora ledar a cinya. Motar ta tashi, rake ya fara wucewa ta dama da hagu, ita kuwa tun ba su kai gadar farko ba ta fara ƙirga watanni da yatsu.